Mutanen bakin kogi da dam ya tasa: gida za a biya su, ko gona da ruwa?

Malam Safiyo: Assalamu alaikum jama'a. Tunda maganar diyyar mutanen da dam ɗin Zungeru ya tasa ta sake tasowa, ina ganin ya dace mu koma dam ɗin Kainji mu duba lissafin daga tushe. An fara ginin a 1964, aka rufe ƙofofi a watan Agusta na 1968, kafin wata uku tafki ya cika. Mutum kimanin 44,000 aka tasa daga ƙauyuka da tungaye sama da 200 a ƙasar Borgu da ta Yawuri, tsohuwar Bussa da gungun Foge duk suka shige ƙarƙashin ruwa. Da farko kuɗi aka fara ba mutane su je su gina da kansu. Da aka ga ginin ba ya tafiya ga kuma ruwa na tafe, sai Hukumar Madatsun Neja ta koma gina gidajen da kanta, bulo na siminti da rufin asbesto, a ƙirga maka ɗakunan tsohon gidanka a gina maka kwatankwacinsu. A ganina wannan shi ne kuskuren da muke maimaitawa har gobe: ana ƙirga ɗaki, ba a ƙirga abin da ke ciyar da mai ɗakin.

Injiniya Ɗan Borgu: Wa alaikumus salam Malam. A yi wa Kainji adalci dai. In ka gwada da abin da aka yi a wasu ƙasashe a wancan zamani, namu ya fi. Ba a kwashe mutane an kai su uwa duniya ba, yawanci matsawa aka yi da su zuwa tudun da ke kusa, ƙarƙashin sarkinsu, cikin 'yan yarensu. Mutanen Wadi Halfa na Sudan da tafkin Aswan ya ci, a 1964 jirgin ƙasa aka zuba su aka kai su Khashm al-Girba, ɗaruruwan kilomita daga Nilu. Mai zanen gidajen Kainji, Robin Atkinson, ya yi ƙoƙarin bin fasalin gidan gargajiya, da zaure da tsakar gida. Matsalarsa ɗaya ce babba: gini ne da mai gida ba zai iya gyara shi da abin da ke hannunsa ba. Ɗakin laka da jinka in ya tsage ka kwaɓa ƙasa ka liƙe, ka yanko ciyawa ka baibaye. Asbesto in ya fashe sai kuɗi, kuma ƙurarsa cuta ce ga huhu. Duk wanda gidansa ke da ragowar irin wannan rufi, kada ya sa zarto ko ya farfasa shi a bushe. A jiƙa shi, a sauke fallen ɗungurungum, a binne.

Bagunge: Injiniya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Bagunge ba don ɗaki ya zauna a gungu, wato tsibirin cikin kogi, ba. Abu uku ne ke riƙe da shi: gero da dawa da damina, albasa a gaɓar kogi da rani, sai su. Ƙasar gaɓa kowace shekara ruwa na kwanta mata ya bar laka, ba ta neman taki, ruwan ban ruwa kuma yana gindinka, da ƙwarya ma ana ɗiba a watsa. Aka ɗauke shi aka ɗora a jigawa, aka ce ga eka kaza madadin eka kaza. Eka ɗaya ta fadama da eka ɗaya ta tudu suna ne kawai ya haɗa su. Ta tudu sau ɗaya take ba ka a shekara, tana son hutu ko taki, sannan tana da masu ita, domin Kambari sun daɗe suna noma wuraren.

Malam Safiyo: Madalla. A nan ne ƙa'idar "ƙasa madadin ƙasa" ke yaudarar mutane. Abin da za a daidaita shi ne amfanin da ke fitowa, ba faɗin fili ba. A ɗauki amfanin shekara uku zuwa biyar na tsohuwar gonar, damina da rani, a cire kuɗin taki da ƙwadago, abin da ya rage shi ne ma'auni. Sai a gwada ƙasar sabon wurin a ga hekta nawa za ta ba da wannan. In ya kama hekta 3 ta tudu madadin hekta 1 ta fadama, to 3 ɗin ce diyyar, har da kuɗin sharewa da tumɓuke kututture, da abincin gida na aƙalla damina biyu kafin gonar ta kama.

Bagunge: Ko an ba shi 3 ɗin, aikin rani fa? Daga Nuwamba zuwa Afrilu me zai yi?

Injiniya Ɗan Borgu: Wannan tambayar ce ake kaucewa, a ce ai ga tafki nan sai ya yi ban ruwa a bakinsa. Bakin tafki ba bakin kogi ba ne. Ruwa biyu ke cika Kainji: farin ruwa na daminar nan kusa, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso nan wajen Disamba zuwa Fabrairu. Daga nan injunan wutar lantarki su ci gaba da jan ruwa, tafki ya yi ta sauka har kusan mita 10 kafin ya sake cika. Mita 10 a tsaye ke nan. A inda gangaren ƙasa bai da tsanani, a ce mita 1 cikin kowace 200, bakin ruwa zai ja baya kilomita 2. Injin ban ruwa mai inci 2 ko 3 da manoma ke saye ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7, ko da sabo ne, kuma kowane tsawon tiyo da ka ƙara ƙarfin turawa raguwa yake, fetur na ƙaruwa. Sai mutum ya dasa albasa kusa da ruwa, kafin ta yi kai ruwan ya gudu ya bar shi. Maganinsa a shirin tsugunarwa: ko a haƙa mashigar ruwa mai zurfi har ƙasa da inda tafki ke tsayawa in ya janye, a sa babban famfo na gama-gari, ko a buga rijiyoyin tiyo a inda ruwan ƙasa ke kusa. Sannan kamfanin da ke tafiyar da dam ya riƙa fitar da jadawalin hawa da saukar ruwa wata-wata, da Hausa, a rediyo. Wannan na ƙarshen ko sisi ba ya ci.

Barista: Ku yi haƙuri in zuba muku ruwan sanyi. Duk abin da Malam Safiyo ya lissafa, dokar Najeriya ba ta tilasta shi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya ce abin da za a biya shi ne abin da ka aza a kan ƙasar: gini, shuka, itatuwa. Ita ƙasar kanta, kuɗin hayar da ka biya gwamnati a wannan shekarar kaɗai za a mayar maka, manomin da ya gaji gonarsa kuwa bai taɓa biyan haya ba, saboda haka ba shi da komai. Gini kuma ana cire masa tsufa. Ɗakin laka mai shekara 30 in aka cire tsufansa, abin da zai rage ba zai sayi kwano bandir ɗaya ba.

Akwai wurare biyu kuma da jama'a ba su cika lura da su ba. Sashe na 33 ya ce in ka karɓi sabon matsuguni a madadin kuɗi, haƙƙinka na diyya ya ƙare, in kuma sabon ya fi tsohon daraja ana iya ɗaukar rarar a matsayin bashi a kanka. Sashe na 29 ɗin dai ya yarda gwamna ya biya diyyar al'umma ta hannun shugabanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hajiya Mai Banda: Barista, to ina masu cewa Bankin Duniya na tilasta a biya cikakke?

Barista: Gaskiya ne Hajiya, amma sai in da kuɗinsa a aikin. Ƙa'idarsa kan karɓar ƙasa da sake tsugunar da mutane, mai suna ESS5, ta ce a biya kuɗin maye gurbi ba tare da cire tsufa ba, a biya kafin a karɓi filin, a taimaka har wa wanda ba shi da takarda, a kuma maido da hanyar cin abinci. Zungeru kuwa mai megawat 700 yawancin kuɗinsa bashin bankin Exim na Sin ne. A irin wannan, abin da ke kare mutane shi ne takardar shirin tsugunarwa da aka sa wa hannu. Shawarata ga kowace al'umma: ku nemi kwafin shirin, ku nemi jadawalin farashin itatuwa da shuka da aka yi amfani da shi, ku duba shekarar da aka tsara shi. Sau da yawa jadawalin tsoho ne, ko kuma a yi ƙidaya bana a biya bayan shekara shida da farashin bana, darajar naira ta riga ta zube. A rubuta cikin yarjejeniya cewa in biya ya wuce wata 12 za a sake ƙiyasi.

Hajiya Mai Banda: To bari in kawo nawa ɓangaren, don duk maganarku ta maza ce. Ranar ƙidaya maigida ake kira, sunansa ake rubutawa, asusunsa ake tura wa kuɗi. Matar da ke da murhun banda uku a bakin ruwa, tana sayen kifi hannun masunta tana kai wa kasuwar Yawuri ko Malale, ba ta cikin takarda. Wadda ke tsintar kaɗanya tana man kaɗe, wadda ke daddawa da kalwar ɗorawar bayan gari, ba ta ciki, domin an ce itacen daji ba shi da mai shi. 'Yar gayaunar da miji ya yanka mata, sunansa aka sa. Gida mai mata uku a ba shi kuɗi dunƙule, in rabon ya karkata wa za ta kai wa ƙara? Bazawara da ke zaune gidan wanta fa?

Abin da ya kamata: a yi rajistar kowane baligi da sana'arsa, ba kowane gida ba. Mata su yi wa mata tambayoyi, a cikin gida, ba a ƙofar fada ba. Kuɗin sana'ar mace ya shiga hannunta. Gidan da aka gina kuma a sa sunanta a takardar ɗakinta.

Malam Safiyo: Hajiya ta taɓo inda ke yoyo. Ƙidaya mai kyau ga yadda take tafiya. A fara kafa turaku a layin da ruwa zai kai in tafki ya cika maƙil, a ƙara tazarar ambaliya a sama da shi, turakun siminti masu lamba ba fegin itace da yara za su tuge ba. A sanar da ranar rufe ƙidaya a masallatai da kasuwanni da rediyo. A auna kowace gona mai ita na tsaye, maƙwabtansa na gabas da yamma na shaida, a ɗauki hoto, a ba shi kwafin takardarsa nan take. A rubuta mai gona daban, mai aro daban, mai jingina daban, domin shukar ta mai aro ce ko da ƙasar ba tasa ba ce. A liƙa jerin sunaye a bainar jama'a na kwana 30 kafin a rufe.

Inda ake cuta: sunayen bogi, da gine-ginen dare ɗaya da 'yan birni ke zuwa su kafa in sun ji ƙishin-ƙishin, da ƙidayar da aka yi da rani kaɗai ko da damina kaɗai. Mai albasa ba ka ganin gonarsa a Agusta, ruwa ya rufe ta. Itace kuma ba a biyansa da kuɗin icen girki. Mangwaro in zai ɗauki shekara 5 kafin sabon dashe ya fara 'ya'ya sosai, diyyarsa amfanin shekara 5 ne da kuɗin dashe da ban ruwa. Kaɗanya ta fi haka nisa, tana iya kai shekara 15 kafin ta fara.

Ardo: Allah ya saka, Malam. Ku ƙara da wanda ba shi da ɗaki ko gona a wurin sam, amma rabin shekararsa a nan take. Fadamun kogin Neja da ciyawar burugu su ne makiyayar rani. In tafki ya ci su, manomin da aka tasa kuma aka yanka masa gona a kan burtali, shanu su biyo hanyar da suka saba su tarar da dawa. Rigimar da za ta biyo baya sai a ce ta manoma da makiyaya ce, alhali a teburin mai zanen taswira aka haife ta. A fitar da burtali da mashaya a taswira kafin a raba gonaki, ba bayan an raba ba.

Ɗan Tillaberi: Sannunku 'yan uwa. A wajenmu Nijar dokar ta ɗan bambanta. Kundin dokar karkara na 1993 ya amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, saboda haka ƙasar kanta ana biyan ta. A Kandaji, dam mai megawat 130 da aka fara ginawa sama da Tillaberi, rukunin farko na waɗanda aka tasa mutum sama da 5,000 ne, aka shirya musu filin noman rani na hekta 2,000. Rukuni na biyu ya ninka wannan kusan sau goma, har da garin Ayoru. Gardamar da ta taso mai amfani ce gare ku: mutum ya ba da gonar gado wadda zai iya sayarwa, ya jinginar, ya bar wa 'ya'yansa, aka ba shi fegi a filin gwamnati inda in ya kasa biyan kuɗin ruwa za a iya karɓewa. Wannan ba musaya ba ce. Shi ya sa aka kawo shawarar hayar dogon zango mai takarda, wadda ake gada. Aikin ya tsaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda kuma aka riga aka ƙirga aka ce kada ya ƙara gini, aka bar shi tsakanin tashi da zama.

Barista: Wannan tsaiko cuta ce mai zaman kanta. Ranar rufe ƙidaya ya kamata ta zo da wa'adi. Yaron da aka rubuta ɗan shekara 15, in aka shekara takwas ba a tashi ba ya zama magidanci da 'ya'ya biyu.

Injiniya Ɗan Borgu: Kuma ko an tashi a kan lokaci, a bar filin gobe. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin shekara 24. Garin da aka zana wa mutum 1,000 ba tare da filin faɗaɗa ba, jikokinsu a gonar masu masauki za su yi gini. Su ma masu masaukin a ba su rijiya da makaranta daidai da baƙin, in ba haka ba gaba ce aka shuka. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya kada ya wuce mutum 500, a horar da mai gyara biyu a garin, a ajiye kayan gyara. Sannan kada a haɗa ƙauyuka uku masu dagatai uku a wuri ɗaya ba a zauna an warware wa zai riƙe gari ba.

Ɗan Zangon Kumasi: Gana ta sha wannan. Dam ɗin Akosombo ya tashi mutum kusan 80,000, aka tattara su a garuruwa 52, aka ba kowane gida ɗaki ɗaya ginanne a ce ya ƙarasa sauran. Tsohon Kete Krachi da zangonsa na Hausawa, wanda fataken goro suka raya, yana cikin abin da ruwa ya ci. Noman tarakta da aka yi musu alkawari bai kankama ba, da yawa suka watse. Sai 1996 aka kafa asusun tallafa musu, dala 500,000 a shekara. Ku raba wa gari 52, bai kai dala 10,000 kowanne ba.

Malam Safiyo: To mu namu HYPPADEC, hukumar raya yankunan da madatsun wutar lantarki suke, fa? Dokar tun 2010, amma sai wajen 2021 hukumar ta fara aiki a Minna. Da farko kashi 30 cikin 100 na kuɗin shigar masu tafiyar da madatsun aka rubuta, aka dawo da shi kashi 10.

Bagunge: Ni abin da ke damuna da ita, da jiha da ƙaramar hukuma ake rabo, ba da wanda aka tasa ba. Jihohi sai ƙaruwa suke a ciki. Garin da bai taɓa ganin tafki ba da garin da kakanninsa ke ƙarƙashin ruwa duk "yankin dam" ne. A ware kaso sananne na garuruwan da aka tsugunar, a lissafa su da suna, su zaɓi wakilansu, a karanta musu abin da ya shigo kowace shekara. Ƙasar Sin ma tun 2006 kai tsaye take biya, yuwan 600 ga kowane mutum da dam ya tasa a shekara har shekara 20, daga kuɗin wuta.

Injiniya Ɗan Borgu: Kuɗi a hannu ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, ɗan uwa. Da hauhawar farashin da muke ciki, shekara biyar ya zama kuɗin goro. Gara a ɗaure shi da kason kuɗin wuta, yana hawa yana hawa. Na kuma fi son a fara da layin wuta da taransifoma. Abin kunya ne dam ɗin Kainji mai megawat 760 ya yi shekara 50 da ɗoriya, a ce akwai garin da ya tasa da ke kwana da fitilar hannu. Sannan a sa mutanen ƙasa da dam a lissafi. Ba a tashe su ba, amma duk ranar da Kainji da Jebba da Shiroro suka buɗe ƙofa a tare, shinkafar Mokwa da Lavun da Patigi ce ke tafiya.

Likita: Ƙarin bayani kaɗan. Ruwan kwance mai ciyawa a gefe gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Raba maganin praziquantel a makarantu sau ɗaya a shekara yana rage ta, amma in wanka da wanki da ɗiban ruwa duk a tafki ake yi, wata uku yaro ya sake kamuwa. Rijiya ta fi tafki kusa da gida, wannan ne sharaɗin. In ta fi nisa ba mai zuwa.

Basarke: Kun bar mu a ƙarshe kamar kullum. Ana cewa masunta su ne suka ci ribar dam, kuma gaskiya shekarun farko kifi ya yi ambaliya, domin ciyawa da itatuwan da ruwa ya rufe sun zama abinci. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kamun ya faɗi warwas. Wanda ya ci ribar ma mai jari ne. Sun kogi da birgi da gura da mamari a ƙaramin kwalekwale daban yake da sun tafki mai igiyar ruwa, wanda ke son babban jirgi da inji da raga mai tsawo. Wanda aka tasa ba shi da kuɗinsu, baƙi suka zo da nasu. Daga baya ragar da ake kira dala ta shigo, ana jan ƙananan kifin warangi ana haɗawa da 'ya'yan manyan kifi, har sai da aikin haɗin gwiwa da Jamusawa na shekarun 1990 ya kai ga hana ta. Saboda haka a shirin tsugunarwa a sa jirgi da raga da horo tun kafin ruwa ya taru, lasisin su na shekarun farko a fifita waɗanda aka tasa, a kuma ba sarkin ruwa hurumi a rubuce. Cibiyar binciken kifi na nan New Bussa, ba sai an ɗauko masana daga waje ba.

Sai kututture. Itatuwan da ba a sare ba kafin cikar tafki suna nan tsaye, in ruwa ya sauka kansu na dab da sama ba a gani. Ga lodi fiye da kima, ga tafiyar dare. Kowa ya tuna jirgin da ya nutse a kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021. Garuruwan da a da ake zuwa da ƙafa ko a tsallaka da gora, yanzu tafiyar awa ce a kan ruwa. Rabon rigar ruwa yana da kyau, amma hanyar jirgi ake fara sharewa. A sabon dam, a sare ta tun ƙasa na bushe, faɗin mita 100 aƙalla, a yanke itacen dab da ƙasa ba a gwiwa ba. A tsohon tafki irin Kainji kuwa sai a jira watan Yuli zuwa Agusta da ruwa ya kai ƙarshen saukarsa, a bi da zarto mai inji, a kafa alama mai iyo a kowane gefe, kuma masu fito na Rofiya da Zamare da Shagunu su ne za su nuna inda kututturan suke.